Darasin Manoma: Fetur Mai Gauraye da Itanol da Shan Man Babur

Karatu: Luka 14:28-30

A dā jaki da keke su ne ƙafafun manomi. Yau babur ya karɓe su. Shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ne kuma ke kai mai bishara ƙauyen da mota ba ta shiga. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya cikin watan Mayu 2023, kuɗin mai ya zama babban sashe na abin da kowace jam'iyyar gama kai take kashewa. A wani taronmu wani dattijo ya ce ya ji a rediyo ana zuba barasa cikin fetur a waɗansu ƙasashe. Ya tambaya ko gaskiya ne, kuma me hakan zai yi wa baburinsa. Darasin nan amsar tambayarsa ce.

1. Mene ne itanol?

Itanol shi ne abin nan da ke cikin burukutu da sauran barasa wanda ke sa maye. Ana samunsa daga rake, ko masara, ko rogo, ko dawa. A kan jiƙa su su yi tsami, sa'an nan a dafa a tara tururin, a tace har kusan dukan ruwan ya fita. Wanda ake yi domin inji a kan sa masa abin da zai hana a sha shi, watau guba ne ga ɗan adam. In an zuba kashi 10 na itanol cikin kashi 90 na fetur, sunansa E10. In kashi 20 ne cikin ɗari, sunansa E20.

2. Ƙasashen da suka yi nisa

Ƙasar Barazil ce ta fara da ƙarfi a 1975, bayan tsadar mai ta 1973, gama tana da rake da yawa. A 2015 ta kai kashi 27 cikin ɗari, a watan Agusta 2025 ta ɗaga zuwa 30. A can ne kamfanin Honda ya fito da babur mai shan fetur ko itanol, ko kuwa duka biyu a haɗe, a 2009. A Amurka yawancin fetur E10 ne, daga masara ake yin itanol ɗinsu, amma hukumarsu ba ta yarda a sa wa babur mai kashi 15 ba.

Wadda ta fi shafarmu ita ce Indiya, domin baburan Bajaj da TVS da suka cika hanyoyinmu na kamfanonin can ne. Indiya ta kai kashi 10 a 2022, ta fara sayar da E20 a Fabrairu 2023, ta kai kashi 20 a 2025. Masu babura da yawa a can sun yi ta kuka cewa mai ba ya kai su inda ya saba kai su. Najeriya ma ta fitar da manufar haɗa kashi 10 tun 2007. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

3. Me ya sa babur ke ƙara shan mai?

Dalilin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta itanol tana da ƙarfin wajen kashi biyu cikin uku ne kawai na lita ɗaya ta fetur. Kamar mudun dusa ne da mudun tsaba: mudu ɗaya ne, amma ƙoshi ba ɗaya ba.

Bari mu yi lissafi. A ce ƙarfin fetur zalla 100 ne, na itanol kuwa 67.

E10: 90 daga fetur, a tara da 6.7 daga itanol, ya zama 96.7. An rasa wajen kashi 3.

E20: 80 daga fetur, a tara da 13.4 daga itanol, ya zama 93.4. An rasa tsakanin kashi 6 da 7.

Misali, a ce baburinka yana yin kilomita 50 da lita ɗaya ta fetur zalla. Da E10 zai yi 48 da ɗan abu. Da E20 zai yi kusa da 47. In kana tafiyar kilomita 150 a mako, a shekara za ka sha lita 156 ta fetur zalla, amma ta E20 wajen 167. Bambancin lita 11 ke nan. Ga mutum ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Amma jam'iyya mai babura goma ta rasa lita 110 a shekara, yau da gobe kuwa shi ke sa allura ginin rijiya.

Wannan lissafin takarda ne. Rahoton da gwamnatin Indiya ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa baburan da ba a ƙera domin E20 ba za su rasa kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. Saboda haka in baburinka ya fara shan mai da kashi 15 ko 20 fiye da dā, kada ka ɗora wa itanol dukan laifin. Akwai wata cuta a jikin baburin.

4. Abin da itanol ke yi wa tsohon babur

(a) Kafireto. Fetur yana bukatar iska wajen ninki 14 da rabi na nauyinsa kafin ya ƙone sosai, itanol kuwa ninki 9 kawai. Sabon babur mai na'urar fesa mai yana gyara awon da kansa. Kafireto ba ya iyawa, yawancin baburanmu na ƙauye kuwa masu kafireto ne. Sai iska ta yi wa man yawa. Injin ya riƙa zafi, ya yi wuyar tashi da sanyin safiya a lokacin hunturu, ya riƙa shaƙewa a hawan tudu. Mai babur ya ƙara murɗa wuta, mai ya ƙara tafiya.

(b) Ruwa. Itanol yana jan laima daga iska. In babur ya daɗe a ajiye, musamman da damina, ruwa da itanol su kan rabu da fetur su kwanta a gindin tanki. Tanki ya yi tsatsa, tsatsa ta toshe kafireto.

(c) Roba. Tiyon mai da robobin kafireto na tsofaffin babura su kan kumbura ko su tsage, mai ya riƙa ɗiga. A Indiya baburan da aka ƙera daga Afrilu 2023 an sa musu kayan da ke jure E20.

Kada mu ruɗa itanol da metanol. Metanol wani abu ne dabam, ya fi cin roba da ƙarfe. Shi ne ya yi yawa cikin fetur ɗin da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022, wanda ya ɓata injuna, ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai.

5. Abin da za mu yi

Na ɗaya, ka san shan man baburinka tun yanzu. Cika tanki har baki, ka rubuta lambar mita. In ka sāke cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In mita ta mutu, yi amfani da hanyar da ka san nisanta. Yi haka sau uku. Kowace jam'iyya ta sayi littafi guda domin wannan.

Na biyu, gwada man da kake shakka. Sami farar kwalba ta gilashi. Zuba ruwa kashi ɗaya, ka sa alama a bakin ruwan. Ƙara fetur kashi tara, ka rufe, ka girgiza, ka bar shi ya kwanta. In ruwan ya hau bisa alamar, akwai itanol ko metanol a ciki. Yi wannan a waje, nesa da wuta da yara.

Na uku, kada ka ajiye mai cikin jarka har watanni. In za ka ajiye babur, kashe makunnin mai, ka bar injin ya shanye abin da ke cikin kafireto.

Na huɗu, duba tiyon mai kowane wata. Wanda ya yi tauri ko ya kumbura, a canja shi. Gyaran kafireto kuwa a bar wa makaniken da ya san aikinsa.

Na biyar, taya marar iska, da sarƙa busasshiya, da matatar iska mai ƙura, da tsohon fulogi, da buhu huɗu a kan babur guda, in sun haɗu sun fi itanol cin mai. Waɗannan kuwa a hannunmu suke.

6. Gefen manomi

Itanol daga gona yake fitowa. In masana'anta ta zo tana neman rogo ko rake ko dawa, kasuwa ce ta buɗe mana, ba laifi. Amma kada jam'iyya ta sa hannu a takarda sai ta san farashi, da wanda zai biya kuɗin mota, da ranar biya. Kada kuma mu ba da dukan gonarmu ga amfanin sayarwa mu bar rumbu wofi. Abincin gida shi ne farko.

A karatunmu na yau Ubangiji ya yi zancen mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ƙidaya abin da ginin zai ci. Baburi da gona da kuɗin jam'iyya amana ce a hannunmu. Mai riƙon amana kuwa da awo yake aiki, ba da jita-jita ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa a cikinmu suka san kilomita nawa baburinsu ke yi da lita ɗaya?
2. In E20 ya fi fetur zalla araha da kashi 3 cikin ɗari, riba muka ci ko hasara?
3. Kashi nawa na gonakinmu za mu keɓe domin abincin gida kafin mu shiga kowace yarjejeniya?

Sakatare ya rubuta amsoshin, a kawo littafin awon mai a taro na gaba.