Filin Shawara: Kada Ki Sa Hannu a Kan Abin da Ba Ki Gane Ba

 Maigidana ya rasu bara, ya bar ni da yara biyar a gidanmu da ke bakin hanya. Makon jiya aka kawo mana takarda daga ma'aikatar filaye cewa za a faɗaɗa titi. Na yi sakandare, ina karanta Turanci, amma layi ɗaya ya ɗaure min kai: "S. 28(2)(b) LUA, Cap. L5, LFN 2004". Ƙanin marigayin ya ce in sa hannu kawai, ba a ja da gwamnati. Gwaggo, barci ya ƙaurace min. Ina mafita?

Daga Maman Marayu

 Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, waɗannan baƙaƙe ba hukunci ba ne. Adireshin doka ne, kamar a kwatanta miki gari, unguwa, layi da lambar gida. Daga ƙarshen layin za ki fara karantawa.

LFN 2004 shi ne kundin da aka tattara dokokin Tarayyar Najeriya a shekarar 2004. Cap. na nufin babi, L5 kuma lambar babin. LUA ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa a 1978. Kin ga 2004 shekarar tattarawa ce, ba ta kafa dokar ba. Idan kin ci karo da "Cap. 202, LFN 1990" a tsofaffin takardun marigayi, dokar ce dai a tsohon kundi. Harafin S. sashe ne, lambar da ke cikin baka ƙaramin sashe, harafin da ke biye kuma sakin layi.

To me wannan wuri ya ce? Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke izinin mallakar fili idan gwamnati na buƙatarsa don amfanin jama'a, kamar titi. Nan ƙanin mijinki yana da gaskiya. Sai dai dokar ba ta tsaya nan ba. Sashe na 29 ya wajabta biyan diyya a kan abin da aka kashe wa filin, wato gini, rijiya, katanga da shuke-shuke, bisa darajarsu a ranar da aka soke izinin. Sashe na 30 ya ce idan aka samu saɓani kan yawan kuɗin, a kai maganar gaban kwamitin rabon filaye na jiha. Sashe na 33 kuma ya ba Gwamna damar ba da wani matsuguni a madadin kuɗi. Idan kin ga "S. 44 CFRN 1999", wannan Kundin Tsarin Mulki ne, kuma sashen ya ce a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba.

Shawarata ita ce, kada biro ya taɓa takarda tukuna. Ki yi hoton sanarwar, ki rubuta ranar da ta iso hannunki. Ki nemo takardar mallakar gidan da rasit-rasit na kuɗin ƙasa, ki ɗauki hoton kowane ɗaki da waya kafin masu ƙiyasi su zo. Sannan ki kai wa lauya. Idan babu hali, ki tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa mata irinki. Ki ce a buɗe miki sassan nan a karanta a gabanki.

Ki yi wa ƙanin mijinki magana cikin mutunci, ki roƙe shi ya raka ki. Gidan nan gado ne, akwai haƙƙin marayu a ciki, don haka duk abin da za a karɓa sai da sanin magada da shaidu. Neman haƙƙin da doka ta rubuta ba ja da gwamnati ba ne. Allah ya kawo miki mafita ta alheri.

Taki, Gwaggo