RUWA HAWA-HAWA: DAGA MADATSAR GUZUGUZU ZUWA TEKUN KUDU

Idan muka dubi madatsar ruwa ta Guzuguzu ko ta Magaga a ƙasar Kabo, ko kuwa babbar madatsar Challawa da ke Karaye, maƙwabciyar Gwarzo, sai mu ɗauka ruwan duk iri ɗaya ne daga sama har ƙasa. To, ba haka ba ne. Ruwa yakan jeru hawa-hawa, marar nauyi a bisa, mai nauyi a ƙasa. Abu biyu ke ƙara masa nauyi, wato sanyi da gishiri.

Gwaji

Kowane ɗalibi zai iya gwada wannan a gida. A zuba ruwan randa rabin kofin gilashi, a narka gishiri cokali biyu a ciki. A kawo zoɓo mai ɗumi a tsiyaya a hankali ta bayan cokali. Za a ga jan ya tsaya a bisa. In an ɗan karkata kofin aka mayar, sai hawa biyun su sake daidaita. In kuwa an motsa da ƙarfi, sun gauraye ke nan.

A madatsunmu

Da bazara rana takan dumama ruwan sama, na ƙasa ya zauna da sanyinsa. Ganyaye da sauran dattin da suka nutse suna ruɓewa a can, suna cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Da hunturu ya shigo, ruwan sama ya yi sanyi ya yi nauyi, iskar arewa maso gabas kuma ta kaɗa shi, sai na sama ya nutse, na ƙasa ya taso. In abin ya zo sannu a hankali, alheri ne, gama takin da ke ƙasa yakan ciyar da ƙananan tsirran da kifi ke ci. Amma in ya zo farat ɗaya, misali bayan hadari mai ƙarfi a farkon damina, ruwan da ba oksijin yakan game tafki duka, a wayi gari kifaye sun mutu. Masu kiwon kifi su lura: in sun ga kifi na haki a saman ruwa da asuba, su rage abinci, su motsa ruwan ko su ƙara sabo.

A ƙarshen duniya

Wannan doka ce ke aiki a Tekun Kudu, wanda ya kewaye nahiyar ƙanƙara ta Antaktika. A can akwai wani magudanin ruwa cikin teku da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, yana zagaya nahiyar ba tare da wata ƙasa ta tare shi ba. Ruwan da yake ɗauka ya ninka na dukan kogunan duniya fiye da sau 100. Inda ya fi matsuwa shi ne Mashigin Drake, kudu da ƙarshen Amurka ta Kudu, mai faɗin kimanin kilomita 800.

Iskar yamma mai ƙarfi ce ke kora shi. Saboda juyawar duniya, a kudancinta ruwan sama yakan kauce hagu da iska, wato ya nufi arewa. Sai ruwan can ƙasa ya taso kusa da Antaktika ya maye gurbinsa. Ta haka hawa-hawan ruwan suke karkacewa kamar kofinmu, gefen kudu ya ɗago.

Ruwan da ya karkace kuwa ba ya zama lafiya. Yakan ɓalle ya zama guguwowi, kamar guguwar da muke gani a gonaki da bazara, sai dai faɗin ɗaya yakan kai kilomita gommai, ta yi makonni ko watanni tana juyawa. Guguwowin nan suna kai ruwan ɗumi kudu, suna kai na sanyi arewa, suna ƙoƙarin kwantar da abin da iska ta karkatar. Ashe kokawa ce: iska na ɗagawa, guguwa na kwantarwa. Tun wajen shekarun 1970 iskar yamma ta ƙara ƙarfi, amma karkatar ba ta ƙaru sosai ba. Masana da yawa suna ganin guguwowin ne suka ƙara himma. Tun daga shekarar 2000 ana auna haka da na'urorin Argo, masu nutsewa mita 2,000 su taso duk kwana goma su aika da labarin zafi da gishiri.

Ina ruwanmu?

Tekun Kudu shi ke shanye kusan kashi 40 cikin 100 na iskar kabon da tekuna ke karɓa daga hayaƙin da mutane ke fitarwa, yana kuma haɗiye zafi mai yawa ya ɓoye a ƙasa. Yawan abin da zai iya haɗiyewa ya dogara ga wannan kokawa. In ya gaza, zafin zai ƙaru a sararin sama, manomin dawa a Gwarzo ma zai ji a jikinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu rena darasin kimiyya. Mahalicci ya kafa doka ɗaya ga kofin zoɓo da madatsa da teku, ya kuma ba mu amanar kula da su. Allah ya ba mu hikimar riƙon amanar nan. Amin.