Amsoshin Tambayoyinku: Bikin Cikar Shekarar Yarinya

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce ɗiyarta za ta cika shekara 4, yaya za ta shirya mata ɗan biki ba tare da ta ci bashi ba?

To Hajiya, mun gode. Da farko ki tuna bikin na yarinyar ne. Yaro mai wannan shekaru ba ya jure dogon taro, saboda haka ki gayyato yara kaɗan da ta saba wasa da su, a fara bayan la'asar, a watse kafin magariba.

Dafa-duka, cincin da zoɓon da kika haɗa da hannunki sun wadatar, sai kek madaidaici. Ki sassauta sukari, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini.

Abin da ya fi damun mu shi ne shaƙewa. Gyaɗa, alewa mai tauri, gugguru da guntun balan-balan da ta fashe duk suna iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro, kuma cikin hayaniya ba a lura da wuri. A zaunar da yaran lokacin cin abinci, babba guda ya tsaya a kansu. Ki tambayi iyayensu ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai ko madara.

Wasu gidajen kuwa, abinci kawai suke dafawa su raba sadaka, a yi wa yarinya addu'a. Wannan ma ya isa. Allah ya raya miki ita, Hajiya.