Ƙari a Gidan Ƙwai da Cikin da Ake Cewa Ya Kwanta

A kowane gefe na mahaifar mace akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce girman dabino ba, wadda ake kira gidan ƙwai, domin daga nan ne ƙwai yake fitowa kowane wata. Ƙari yakan tsiro a wurin, kuma mafi yawansa, musamman ga matan da suke shekarun haihuwa, ba ciwon daji ba ne, jakar ruwa ce da take bajewa da kanta bayan haila biyu ko uku. Akwai irin da idan aka fid da shi aka tsaga akan tarar da gashi da kitse, wani lokaci har da haƙori, sai dangi su ce jifa ne, alhali kuwa tsiro ne daga ƙwayoyin halittar matar, kuma da wuya ya zama mugu. Haɗarinsa shi ne ya murɗe ya datse hanyar jini, matar ta ji mara ta ƙulle farat ɗaya tare da amai, wanda maganinsa tiyata ce a ranar.

Mugun ƙari, wato ciwon daji, ya fi kama wadda ta daina haila, kuma ba ya zuwa da hayaniya: kumburin ciki ne, da saurin ƙoshi, da yawan fitsari, da rama, har zanen da take ɗaurawa ya daina kaiwa yayin da wuya da hannuwa suke tsotsewa. A Gangara da ƙauyukan Gazawa, Agye da Gidan Rumji na jihar Maraɗi a Nijar, kamar sauran ƙasar Hausa, akan fassara irin wannan da cewa ciki ne ya kwanta, a yi ta jiƙo da rubutun sha, wanzami ya yi tsaga, ana sauraren haihuwa har shekara ta zagayo. Wannan jira shi ne yake cinye lokacin da tiyata za ta yi amfani, alhali awon fitsari a likitar gari ya isa ya nuna ko juna biyu ne.

Idan ba juna biyu ba ne, sai a tura matar asibitin gunduma ko Maraɗi a yi eko, wato hoton ciki da na'ura take ɗauka ta hanyar sauti, wanda yake bambanta jakar ruwa zalla da ƙari mai tsoka ko mai ɗakuna, ya kuma nuna ko ruwa ya taru a ciki. Awon jini mai suna CA-125 yana taimakawa, amma ba ya yanke hukunci, tunda juna biyu da tarin fuka na ciki su ma sukan ɗaga shi. Tabbaci sai an duba naman da aka cire a ɗakin bincike.

Yarinya da matar aure mai son haihuwa akan cire musu ƙarin kaɗai, ko gidan ƙwai ɗaya, kuma wanda ya rage yana isa a samu ciki. Ciwon dajin da ya bazu kuwa yakan buƙaci a cire mahaifa da gidajen ƙwan biyu, a bi da ƙarin ruwa na maganin daji kowane mako uku, galibi sau shida, kamar yadda ake yi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai. Tun 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana jinyar ciwon dajin mata kyauta, sai dai kuɗin mota da abincin mai jinya suna wuyan maigida, wanda kuma da izininsa ne matar take fita awon farko.