Farfaɗo da Kiwon Shanu: Abinci Kafin Iri

Kiwon shanu a Nijeriya yana ja da baya ta fuskar abin da kowace saniya ke bayarwa, duk da cewa kasuwannin Potiskum, Maigatari da Wudil suna cika kowane mako. A ruga, karsana kan kai shekara 4 ko fiye kafin haihuwar fari, daga nan kuma sai ta yi kusan shekara 2 kafin ta sake. Nonon da ake tatsa daga Bunaji bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba, shi ya sa ƙasar ke kashe sama da dala biliyan 1 duk shekara wajen sayo madara daga waje.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta buɗe hanyar keɓe wuraren kiwo, waɗanda yawansu ya haura 400, amma akasarinsu ba a tabbatar da su a hukumance ba. Gonaki da gine-gine sun cinye burtali da mashaya, satar shanu kuma ta wargaza garake a Zamfara, Katsina da Kaduna.

Sai dai akwai wata magana da ta samu gindin zama, musamman a bakin 'yan boko da ma'aikatan da suka yi ritaya: wai shanun gida ne ba su da kyau, da an kawo na Turai shi ke nan. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya ga bidiyon saniyar Firisiyan a waya ana tatsar lita 30, ya zuba kuɗin sallamarsa ya saya, ya ɗaure ta ƙarƙashin rufin kwano, yana ba ta kara da ɗan dusa. Kafin bazara ta wuce nono ya ƙafe, saniya tana haki, ta ƙi ɗaukar ciki. Damina na sauka kaska da kirci su ƙarasa ta. A nan ne ake tuna da likitan dabbobi, a ce ya zo ya yi allura.

Babu allurar da ke gyara wannan. Firisiyan takan fara wahala da zarar zafi ya haura digiri 25, alhali bazarar Sakkwato da Maiduguri tana wuce 40. Mai yawan nono a cikin Firisiyan tana iya shan ruwa fiye da lita 100 a rana, kuma lita 30 ɗin da ake gani a bidiyo daga abinci mai gina jiki take fitowa, safe da yamma, babu fashi. Wanda ya kasa ƙosar da Bunaji a watan Afrilu ba shi da dalilin tunkarar saniyar da ke cin abincin Bunaji biyu. Bunaji, Gudali da Rahaji kuwa sun saba da zafi da doguwar tafiya, kuma nononsu kan ƙaru idan suka ƙoshi. Yawancin abin da ake ɗora wa iri, yunwar rani ce.

Don haka gyara daga kaka yake farawa. A tattara harawar wake da ta gyaɗa tun da sauran ganye, a adana a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa. A yanke gamba da kyasuwa kafin su bushe a tsaye. A daddatsa kara maimakon a watsa shi ɗungurungum, a haɗa da dusa, angurya da gishirin lasa, a fifita masu ciki da masu shayarwa. Ƙona ragowar gona da ake yi duk shekara asarar abincin dabbobi ce tsagwaronta. Haka riƙe tsofaffin shanun da suka daina haihuwa don a ce garke da yawa. Gara a sayar da su a sayi abincin saura.

Bayan abinci sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar ciwon huhu, saifa da harbin daji. Ta ciwon huhu duk shekara ake maimaita ta. Ɗabi'ar sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin kara a tsira wa dabba tana ɓoye alamun huhu ne, saniyar ta ci gaba da yaɗa wa garke. Rigakafi na gama-gari ne ya kawar da bushiya daga duniya, aka sanar da hakan a 2011.

Idan waɗannan biyu sun kankama, sai a zo maganar iri. Cibiyar NAPRI da ke Shika ta daɗe tana haɗa Firisiyan da Bunaji, kuma ruwa-biyun da jininsa ya tsaya rabi da rabi ya fi dacewa da ƙaramin mai kiwo a Arewa.

Hukumomi ma suna faɗa wa tarkon fifita shanun waje, domin raba su a gaban kyamara ya fi haƙa rijiya a makiyaya jan hankali. An dakatar da shirin Ruga na tsugunar da makiyaya a 2019, an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Ma'aunin aikinta shi ne yawan wuraren kiwon da suka samu ruwa da ciyawa, da yawan shanun da aka yi wa rigakafi kafin kowace damina.