Tsohuwar Takarda da Gandun Daji: Darasi ga Malaman Gona da Manoma

Ya kai manomi, ka sani cewa takardar da ake naɗe maka tsire a Sabon Tasha, da kwalin da aka zubar a kasuwar Kafanchan, asalinsu itace ne. Ana sare itacen, a markaɗa shi, a dafa shi da sinadarai har zarensa ya ware, sannan a shimfiɗa a busar. A ƙasarmu an shuka malaina mai yawa a gandun dajin Omo da na Oluwa domin masana'antun takarda. Gwamnatin Tarayya ta kafa irin waɗannan masana'antu uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, amma ba su ɗore ba kamar yadda aka tsara, shi ya sa yawancin takardar da muke amfani da ita daga ƙasashen waje ake shigo da ita.

Saboda haka kada malamin gona ya gaya wa manoma cewa takarda ce ke cinye dazuzzukan kudancin Kaduna. Masu cinye su su ne itacen girki da gawayi da sharar sabuwar gona da gobara. Sai dai tsohuwar takarda tana da hannu a cikin biyu daga cikinsu.

Gobara

Da rani, musamman lokacin hunturu, mutane kan tara shara a bayan gari su cinna mata wuta. Takarda ba ta da nauyi. Iska kan ɗauke ta tana ci, ta jefa cikin busasshiyar ciyawa. Babban itace yana iya jure wuta, amma ƙananan da ke tasowa ba sa tsira, kuma ganyen da zai ruɓe ya ciyar da ƙasa ya zama toka. Wanda ke zaune kusa da gandun dajin Nimbia, inda aka fara dashen itatuwan katako a 1957, ko dajin Kagoro, ya fi kowa sanin wannan asara.

Yadda za ka amfana da ita

Hanya mafi sauƙi ita ce ramin taki. Ka yayyaga takardar, ka jiƙa ta, ka shimfiɗa, ka bi ta da kashin shanu ko na kaji da ɗanyen ganye, hawa bisa hawa. Kada ka zuba ta ita kaɗai, domin ba ta da sinadarin da ke sa ganyen shuka ya yi kore. Idan ta ruɓe ba tare da kashin dabbobi ba, sai ta janye wanda ke cikin ƙasa, shuka ta yi rawaya. A riƙa juyawa bayan kowane mako biyu.

Manomin citta a Kachia da Jaba ya san dole a lulluɓe kunya bayan shuka, kuma sau da yawa rassan itatuwa ake sarewa domin haka. Jiƙaƙƙen kwali da aka danne da ciyawa a tsakanin layuka yana riƙe laima, yana hana ciyawa fitowa, yana rage saran. Amma a lura da gara, domin tana son kwali ƙwarai.

Ana kuma jiƙa takarda har ta yi laushi, a cuɗa da garin katako ko ɓuntun shinkafa, a matse, a shanya ta bushe sarai, a yi girki da curin. Ba ya kai gawayi daɗewa a murhu, amma yana dafa shayi da kunu.

Gargaɗi

Kada ka sa takarda mai sheƙi, ko mai leda a jiki, ko buhun siminti a cikin taki. Kwalin maganin feshi kuwa, kada a yi taki ko girki da shi. A tambayi malamin gona yadda za a kawar da shi.