Kyanwar da amai ya ƙi barinta

A Kontagora, yawancin masu kyanwa don aiki suke ajiye ta: ita ce mai gadin buhunan masara da dawa daga ɓarnar ɓera. Shi ya sa idan ta fara amai, sai a ce gashi ta haɗiya wajen lasar jiki, a ci gaba da harka. Sau da yawa hakan ne. Amma wani likitan dabbobi da ke aiki a garin ya ce aman da ya haura mako 3, ga rama, ya wuce batun gashi.

An taɓa kawo masa wata tsohuwar kyanwa a cikin kwali. Ƙashin bayanta ya fito, ana iya ƙirga haƙarƙarinta da yatsa, aman kuma baƙi-baƙi kamar garin gawayi, alamar jini ya kwana a tumbi. Mai ita, wani mai sito, ya ce tana ci, abincin ne ba ya zama.

Likitan bai fara da maganar ƙari, wato tsiro a ciki, ba. Ya ɗora ta a sikeli, ya lalubi cikin, ya duba kashinta ko akwai ƙwan tsutsa, sannan aka ɗebi jini, domin ciwon ƙoda ma yana sa tsofaffin kyanwoyi amai. Zare ko leda da ta haɗiya su ma sukan yi haka. Da duk waɗannan suka fita, sai aka koma hoton ciki, inda aka ga bangon tumbi ya yi kauri a wuri guda.

Nan ne masu dabba kan gaji, alhali nan ne aikin yake. Hoto yana nuna akwai abu, ba ya faɗin mene ne. Sai an gutsuro ɗan nama an duba a madubin likita ake bambance tsiro marar illa da kumburi da kuma limfoma, kansar da ta fi yawa a tumbin kyanwa. Irin wannan bincike likitan yakan tura wa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Wani nau'in limfoma yana jin magani, kyanwa ta ƙara shekaru tana farauta.

Abin da likitan ya fi hana mutane shi ne ba wa kyanwa farasitamol a gida, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.